Aron da na bayar na harsashin igwa

Shekarun baya can, lokacin ina ganiyar haukan tara kayan yaƙin zamanin da, babu ƙauyen da ban shiga da babur ba tsakanin Daura da Mai'adua. Kan kibiya, guntun sulke, bakin mashi da tsatsa ta cinye, duk na kwaso. Mahaifiyata har cewa take, "Sa'o'inka suna tara awaki, kai kana tara tsatsa."

Abin da na fi ji da shi harsashin igwa ne guda ɗaya tak, dunƙulen ƙarfe kamar babban lemo, ga nauyin tsiya. Wani dattijo ne ya tono shi da garma a gonarsa, inda tsofaffi ke cewa an taɓa gwabza yaƙi. Sau huɗu ina zuwa gaishe shi da goro kafin ya sakar mini. Da zai miƙo ya ce, "Ɗana, ƙasa ta riƙe shi bai ragu ba, kai ma ka riƙe shi haka." Na ce in sha Allahu, Baba.

Sai ga abokina, malamin firamare, wanda muka tashi unguwa ɗaya. Wai zai koya wa ɗalibai tarihi, in ara masa kwana biyu su gani da idonsu. Ni kuwa da son a yaba, nan take kaina ya kumbura. Na naɗe shi a tsumma, har da rubuta bayani a takarda, kamar wani farfesa.

Kwana biyu ya zama mako uku, kullum gobe. Ranar da na gaji na same shi a zaurensu. Ya shiga gida ya daɗe, ya fito ya miƙo mini shi a naɗe, yana murmushin marasa gaskiya.

Jama'a, da na kwance tsumman nan sai da na nemi wuri na zauna. Gefe guda ya tafi! An goge shi ya baje, yana ƙyalli.

Na ce, "Wane ɗalibin ne ya yi wannan aika-aika?"

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ai ko makarantar bai je ba."

Ashe wani mai magani ne ya gaya musu wai ƙarfen da aka harba a yaƙi ya faɗi bai kashe kowa ba, in aka goga garinsa aka sha, bindiga ba ta kama mutum. Yayyensa kuwa direbobi ne, hanya ba lafiya. Daga su labari ya bazu, maƙerin unguwa na ta aiki da magagari, kowa na tafiya da ɗan ƙullinsa.

Na ce, "Wa ya shaida muku bai kashe kowa ba? Kuna wurin? Kuma don girman Allah, me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ce, "Da na tambaya za ka bayar?"

Ina cikin masifa ya dafa ni. "Kai ma fa ban manta da kai ba. Furar da ka sha nan gidan ranar Juma'a, ba ka ji ta da ɗan ƙasa-ƙasa ba?"

Na ji mana. Har ƙari na nema.

Dattijon nan ban sake iya zuwa gaishe shi ba, don na san abin da zai fara tambaya. Ina ta cewa sai na sami bakin magana, har labarin rasuwarsa ya iso ni. Wannan kam laifina ne, ba na abokina ba.

Mun shirya tuntuni, amma wallahi in na tuna har yanzu raina ɓaci yake. Tsoron da ya sa su yi, na fahimta, ni ma ina bin hanyar. Ƙaryar ce ta tsaya mini, da yadda aka yi mini ita da sunan ɗalibai don an san lagona. Tun daga nan mai son ganin kayana sai dai ya zo ɗakina ya kalla, hannunsa a baya.

Shi kuwa gogan bai taɓa ba ni haƙuri ba, godiya ma yake jira. Duk inda muka haɗu a kasuwa sai ya ɗaga murya ya ce, "To, Malam, tun daga ranar an taɓa harbinka?"

Ba a taɓa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.