Gautan da ke cikin paten Gershon

Duk wanda ya san layin masu citta a kasuwar Kafanchan ya san Mama Lai'atu. Rumfarta na jikin tawa shekara da shekaru, don haka wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Zonkwa, aure ya kawo ta gari. Mijinta leburan jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar mata ɗa guda, Gershon. Da citta ta rene shi har ya gama sakandare, ya samu Keke Napep yana ja.

Ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba. In ta ga kaki, ko na mai gadin banki ne, sai ta rusuna ta gaishe shi. A Zumuntar Mata ta cocinmu mukan yi mata tsiya cewa ko ɗan sikawut ya daka mata tsawa sai ta miƙa masa buhun citta. Ba ta musu. Takan ce rikicin da ta gani a garin nan ya ishe ta, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bara, aka yi faɗa a tasha, wasu jami'an tsaro suka zo suka kwashe duk saurayin da suka tarar. Gershon ya sauke fasinja kenan aka haɗa da shi.

Na ce mata mu je ofishin masu kare haƙƙin ɗan Adam, wani ɗan ɗaki ne a saman shagon magani. Ta toshe mini baki da hannunta.

"Joanna, ba a kai hukuma ƙara. In sun ji, yarona ne zai sha."

Sai ta bi hanyar da muka gada. Ta ɗauki fasto da dattawan ikilisiya, da zakara a hammata, suka je roƙo inda ake tsare da shi. Aka karɓi zakara, aka ce su je su dawo. Suka je suka dawo har dattawan suka gaji, ni kuwa haushi kamar ya kashe ni.

Ba a barin ta ta gan shi, amma ana karɓar abinci a bakin ƙofa. Kullum pate take kai masa a kula. Gershon tun yana yaro ba ya cin gauta, tsince shi yake yi ya tara a gefe. Saboda haka ta riƙa zuba gauta da gangan. In aka miƙo mata kular, sai ta zaga bayan katanga ta buɗe. Muddin ta ga gauta a tare cikin murfi, ta san ɗanta na da rai, sai ta iya haɗiyar ruwa a ranar.

Wata rana kula ta dawo tas. Washegari ma haka. Ta zo rumfata ta zube a ƙasa, ba kuka, ba komai, idonta kawai ya firfito.

"Babu gauta, Joanna. Wani ne yana cin abincin nan."

Ban sake neman shawararta ba, na kama hannunta muka hau matakalar ofishin nan.

Lauyar da muka tarar, Emilia, ba ta girmi Gershon ba. Da Lai'atu ta gan ta, saura kaɗan ta juya. Yarinyar ta saurari zancen gauta daga farko har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki jakarta ta ce mu tafi.

Da muka isa inda ake tsare da shi, ba ta rusuna wa kowa ba. Ta ce doka ba ta yarda a riƙe mutum haka ba tare da an kai shi kotu ba, kuma tana son ganinsa yanzu. A gaban jami'an ta buga waya Kaduna ta faɗi sunansa. Lai'atu na bayanta tana jan rigarta, tana raɗa mata: "'Yata, a hankali, za ki sa su yi fushi." Muka zauna a benci muna jira. Duk ƙofar da ta motsa sai in zuba mata ido, don ban san ko a tsaye za a fito da shi ba ko a tabarma.

A tsaye ya fito. Amma hannayensa biyu sun kumbura suntum, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ashe wani ɗan ɗakinsu ne ke ba shi abincin a baki, mutumin kuwa bai san zancen gauta ba.

Kotu ta sake shi, don babu abin da aka same shi da shi. Har yau hannunsa na dama ba ya riƙe kan keke. A rumfa yake zama yana taya uwarsa tsaron citta.

Bayan sakinsa, a asibiti, Emilia ta tambaye shi yaushe aka fara dukansa. Lai'atu na zaune a bakin gado tana goge masa fuska. Ya dubi uwarsa, ya kau da kai.

"Da farko ba wanda ya taɓa ni, Anti. Suna jira su ga ko ina da wani. Da suka ga masu zuwa roƙo kawai suke yi, sai suka fara."