Ranar da Aka Karrama Rabi a Kura

Daga Kumbotso

Ana sallame asuba na yafa mayafina na fito, don Rabi 'yar wana za a karrama a Kura, ni kuwa ba a yin hidimar zumunci ban da ni. Rabi ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can ƙasar Bunkure. Wata ƙungiyar taimakon al'umma ce ta zaɓe ta, ita da Malam Iliya mai tuƙa keken ɗaukar marasa lafiya, wanda kan ba da agajin farko kafin a isa babban asibiti.

Adaidaita ta kai ni titin Zariya, na shiga bas ɗin da aka cusa mu kamar buhunan albasa. A shingen jami'an tsaro aka leƙo aka ce mu wuce. Da direba ya ji inda za ni, sai ya ce ai Malam Iliya ne ya ceto ƙanensa ranar da maganin feshi ya bugar da shi a gonar tumatir. Na sauka da hantsi, na karya da kunu da ƙosai kusa da injin casar shinkafa.

Kura

A wani fili aka kafa rumfuna. Ga keken nan a tsakiya, an wanke shi tas an ɗaura masa ƙyallaye, wai sai babban baƙo ya gan shi an yi hoto. Shi kaɗai ne kuwa abin ɗaukar mara lafiya a duk ƙauyukan nan. Rabi ta rungume ni, amma hankalinta ba ya wurin. Ta raɗa mini cewa ta baro Ladidi, matar wani manomin shinkafa, da tsohon ciki, kuma ɗan bai kwanta daidai ba. An dai yi wa Rabi alkawarin kafin azahar an watse.

To, kun san halinmu: ba a buɗe taro sai babban baƙo ya iso, ba a tashi sai ya tashi. Mai gabatarwa ya gaida kowa da muƙaminsa har ya koma farko. Aka yi azahar, aka raba dafa-duka, shiru. Rabi ta miƙe za ta tafi, wani mai babbar riga ya zaunar da ita, wai baƙo ya zo ya tarar da kujerarta ba kowa ai an ci fuskar ƙungiya. Ni ma da bakina na ce ta yi haƙuri, yini ɗaya ne. Bayan la'asar motoci suka iso, aka ce kowa ya kashe wayarsa don girmamawa, Rabi da Malam Iliya suka kashe nasu.

Jawabi ya bi jawabi. Da aka miƙa musu allunan yabo masu sheƙi, na rangaɗa guɗa har muryata ta dishe. Rabi na komawa kujera ta kunna waya, sai na ga fuskarta ta canza.

"Goggo, Ladidi ce," ta ce. "Malam Iliya, taso mu tafi."

Hanyar Bunkure

Na faɗa bayan keken ba wanda ya gayyace ni. Muka bi gefen babbar kwatar ruwa, shinkafa koriya shar hagu da dama, hanya duk ramuka da taɓon ban-ruwa. Ƙyallayen adon nan suna ta kaɗawa, don ba wanda ya tsaya kwance su. A ƙauye mata suka ce sun kira har sun gaji, an ɗora Ladidi a babur, surukarta na riƙe da ita ta baya, an nufi asibitin Bunkure. Muka juya.

Ladidi ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Ko da mun zo da wuri me zai faru, Allah kaɗai ya sani, amma wallahi zuciyata ba ta bar ni na fake da wannan ba. Da muka isa asibitin, mijinta ya taso, taɓon gona bai ma bushe a ƙafarsa ba, ya gaida mu da ladabi.

"Malama Rabi, an ce yau aka ba ki lambar yabo. Allah ya sanya alheri."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba habaici a ciki. Da zagi ya yi, da ya fi mana sauƙi. Rabi ta durƙusa a wurin tana kuka, Malam Iliya kuma ya koma jikin keke yana kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya.

Komawa gida

A ɗakin Rabi na kwana. Da safe ta rako ni bakin hanya, ta miƙo mini allon naɗe cikin zani.

"Goggo, ki tafi da shi. Ladidi za ta dawo in riƙa duba ta, ban san bangon da zan rataye shi ba."

Babur zuwa Kura, bas zuwa Kumbotso, kafin azahar ina gida. Maigida ya tambaye ni yaya taro, na ce an yi an gama, na tura allon ƙarƙashin gado. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa mai babur ɗin da ya kai Ladidi asibiti, wanda ko sunansa babu wanda ya tambaya.