Lantana Sambo, Wadda Ta Dawo wa Marubuta da Sunayensu

Har yau, da ta idar da sallar asuba ta share tsakar gida, Lantana Sambo sai ta shimfiɗa tabarma ta ɗauko littafi da biro. Ranar kasuwar Makarfi kuwa, wajen mata masu sayar da mazarƙwaila take zuwa ta karanta musu abin da ta rubuta. In wata ta taɓe baki ta ce ba a magana haka, shi ke nan, shafin ya tafi hura wuta.

Da haka ta shekara goma sha ɗaya tana rubuta wa wani kamfanin wasannin talabijin na Kaduna labari. Mun sha dariya, mun share hawaye, mun haddace sunayen 'yan wasa kaf, amma wa ya damu da wadda ta sa musu magana a baki? Sai mahaifinta, Malam Sambo na Gubuchi. Tsohon bai yi boko ba, wasan ma bai dame shi ba. Siffar sunan 'yarsa kawai ya riƙe. Yakan zauna har a gama, sunaye su fara hawa, ya nuna da sanda ya ce ga namu nan.

Kwatsam kamfani ya cire sunayen marubuta, wai suna cinye lokacin talla. Tsoho ya jira bai gani ba, ya aika a tambayo ko laifi ta yi aka kore ta. Tambayar nan ce ta tayar da Lantana. Ta bi 'yan'uwanta marubuta gida-gida, daga Ikara har Kudan, su bakwai suka ajiye biro wata huɗu cur. Mukarrama, ɗaya daga cikinsu, tana wurin ranar da mai kamfani ya ce zai ninka wa Lantana ladanta in ta koma ita kaɗai.

Lantana ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba ba ya ganin kuɗi a talabijin."

Kamfani ya sauko, sunaye suka dawo, aka kira kowa bakin aiki ban da wadda ta ja gaba. Abin da ciwo, wallahi. Shekara biyu ke nan littattafai na taruwa a akwatinta. In ta je Gubuchi, ita ke karanta wa tsohon sunayen marubutan in sun fara hawa, Mukarrama, Shamsuddeen, har su ƙare. Sai ya ce, "Namu fa?" Ta ce, "Yana tafe, Baba."

Lantana, mai biro da kunnen kasuwa, ke ce kika dafa wasu suka ci. Mun gode, Allah Ya saka miki. Muna kewar maganganunki a bakin 'yan wasa, kewa ba kaɗan ba. Marubuta masu tasowa, ku tsaya wa juna yadda ta tsaya muku. Mu kuma 'yan kallo, mu daina tashi da an gama wasa, mu zauna har sunaye su gama hawa. Malam Sambo ma yana nan zaune, da sandarsa a hannu.