Jakar Filadelfiya

Modu ya rasu. Da safen nan labarin ya iske ni, kokon da aka dama mini yana nan inda na ajiye shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, Modu tela ne a Kasuwar Kwastam, maƙwabcina a Umarari. Na haife shi a shekaru, amma a bencin shagonsa nake cin ritayata. Ba'a Malam yake kirana, wato Baba Malam a yarenmu. Bai taɓa barina na tashi da maɓalli yana lilo ba. "Ba'a Malam, tuɓe, kar a ce ba ka da tela."

Bara ya fara ramewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi yana jini. Aka yi ta ɗura masa maganin maleriya. Daga baya aka ɗebi ɓargonsa aka aika gwaji wani gari. Sakamako ya dawo: sankarar jini mai saurin ci, irin wadda likitoci ke kira Filadelfiya, sunan garin Amurka da aka fara gano alamarta.

Ni na raka shi asibiti ranar, ban kama komai a bayanin likita ba. A Keke Napep ya fassara mini.

"Zare ne, Ba'a Malam. Kowace ƙwayar jiki da zarurrukanta, kowanne da lambarsa. A ɓargona na tara da na ashirin da biyu suka tsinke, aka ƙulla kan wannan da wutsiyar wancan. Tun daga nan keken ya ƙi tsayawa, sai zubo ɗanyen jini yake." Ya yi dariya. "Ni da ban taɓa wuce Kano ba, ga Amurka a ƙashina."

Aka haɗa masa ƙarin ruwan kemo, maganin sankara, da wata ƙwaya mai taka wa keken birki. Ta kama. Har ya koma shago ya yi ɗinkin Sallah. Sai ƙullin ya sauya kama, ƙwayar ta daina gane shi. Aka canza wata, ita ma ta ɗan riƙe ta saki. Abin da ya rage dashen ɓargo, in na ƙanensa Bukar ya dace. Aka gwada. Bai dace ba.

Mahaifiyarsu, Ya Falmata, Hausarta ta cefane ce. Ta ji ana ta Filadelfiya, ta ɗauka can za a kai shi magani. Ta kuma ji ana neman ɓargon Bukar, kun san a bakin mutanenmu na nan ɓargo da bargo duk ɗaya ne. Ta ɗauko bargon da Bukar ke rufa, ta wanke, ta turara, ta ninke a jaka da kaftani biyu da hula. Ta ce dama ta ji ƙasar akwai sanyi.

Mun yi dariya a lokacin. Allah ya yafe mana.

Juma'ar da ta wuce na shiga duba shi bayan La'asar. Jakar tana bakin ƙofa. Na ce ko in zauna da tsohuwa in warware mata?

Ya ce, "A'a. Ni an gaya mini gaskiya, ka ga ta ƙare ni da komai? Bar ta da jakarta."

Sai ya hango maɓallina, ya ce a miƙo allura. Sau uku yana kai zare, hannun ya ƙi. Ya ce, "Ka dawo."

Ɗazu na shiga kafin a yi masa wanka. Da bargon Bukar Ya Falmata ta rufe shi. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne mai boko. Me ya hana a kai shi?"

Har yanzu ban san ta inda zan fara ba.

Allah ya jiƙan Modu, ya sa jinyar nan ta zama kaffara, ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Ku sa Ya Falmata ma, ita da ta shirya masa tafiya tun bara.