'Yan Kokawar Usmanu Baduku

Duk wanda ya taɓa kai takalmi gyara a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda ya san Usmanu Baduku. In bai san shi don ɗinki ba, ya san shi don 'yan tsana. Mutum da furfura a gemu, ga 'ya'ya har da jika, amma ka leƙa cikin rumfarsa sai ka ga 'yan mutanen roba jere a kan katako, ƙirji a buɗe, damatsa kamar taɓarya, irin 'yan kokawar Turawan nan da ake nunawa a talabijin, wasu har da mayafi a baya da fuska a rufe. Matarsa Suwaiba ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce girma ya kama kowa a unguwar ban da mijinta. Shi kuwa ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Masu yi masa dariya ba su san asalin abin ba. A Badarawa aka haife shi, ƙanin Mamuda ne, ɗan kokawar da a zamaninsa in an gama girbi aka buga ganga a dandali, samari kan fara duban ƙasa. Usmanu dai ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba. Aikinsa ya ɗinka wa yayansa walki da layu, ya riƙe masa ruwa, ya yi ta ihu a gefe. Sai daji ya ɓaci, 'yan bindiga suka hana taro, ganga ta yi shiru. Mamuda kuma ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya kuma hana shi magana.

Wata ranar kasuwa a Shinkafi, Usmanu na tonon tulin kayan gwanjo yana neman tsohuwar jaka da zai yanka fatarta, ya ci karo da wani ɗan roba ya ɗan durƙusa, ya ware hannuwa, tsayuwar Mamuda sak. Ya saya. Daga nan fa abin ya zama ciwo. Kayan gwanjo ba sa zuwa lafiya lau, wani ba hannu, wani kai na lilo. Sai ya soka guntun allura a kafaɗa ya maƙala hannun, ya naɗe wuya da zare. Ya ɗinka wa kowanne ɗan walki, ya ɗaura masa 'yan layu na ragowar fata, babu komai a ciki. Ya kuma raɗa musu sunayen 'yan kokawar da ya sani tun yana yaro.

Lokaci-lokaci yakan zuba su a buhu ya kai Badarawa, ya shimfiɗa tabarma gaban Mamuda, ya haɗa su kokawa yana kirari da baki. A nan kaɗai idon Mamuda ke kawo haske. Wasan da ya fi so shi ne nasa da Hassan Dogo na Moriki, mutum ɗaya tak da ya taɓa kai bayansa ƙasa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, yana cikin motar haya da buhunsa a hanyar Shinkafi, kafin a kai kwanar Badarawa. 'Yan sa-kai sun gitta itace a titi, kowa ya sauko da kayansa. A wannan zamani ba a wasa da shingen nan, domin mutane sun sha wuya har sun daina yarda da inuwarsu, kuma wanda aka ce yana yi wa 'yan daji aiki ba ya kaiwa gaban alƙali. Shugabansu wani matashi ne da ake kira Faruku, idanunsa jajur kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya zazzage buhun Usmanu a ƙasa.

'Yan mutane ne kwance a kan juna, allura a kafaɗa, zare a wuya, laya a damtse. Fasinjojin da suka zauna kafaɗa da kafaɗa da shi tun daga Kaura suka ja da baya. Wata tsohuwa ta shiga a'uziyya.

"Dattijo, mi na wanga?" in ji Faruku.

"'Yan wasa na, ɗana. 'Yan kokawa. Gwanjo ni ka sayen su."

"'Yan wasa da layu? Da allura ga jiki?"

A nan ne Usmanu ya yi wautar da har gobe yake cizon yatsa. Shi a ganinsa in ya nuna sanannun mutane ne, za a gane ba ɓoye-ɓoye a ciki. Ya tsuguna ya ɗauko dogon cikinsu, wanda wuyansa ke naɗe da baƙin zare.

"Duba, duk mutanenmu na. Wanga Hassan Dogo na, na Moriki."

Wani daga cikin 'yan sa-kan ya ɗaga bindigarsa. Faruku bai motsa ba. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Hassan Dogo shi ya haihe ni. Satin da ya wuce anka ɗauke shi bisa hanyag ga."

Wallahi Usmanu bai ji labarin ba. Amma wa zai gaya wa? Ga sunan mutum a bakinsa, ga siffar mutum a hannunsa da zare a wuya, ga mutumin a hannun 'yan daji. Ko shi ne a tsaye a wancan gefen, da abin da zai ce ke nan: an yi asiri an jawo bawan Allah cikin tarko. Ya tuna Suwaiba da faɗanta, ya ji da ma ya bi maganarta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"A ƙone su, shi ma a ɗaure shi," in ji mai bindigar.

"Kak ka taɓa," in ji Faruku da sauri. "In munka ƙone wanga, mi za ya samu baba?"

Faruku ya juyo kan Usmanu ya ce ya zare allurar kafaɗar ɗan robar da hannunsa, yana karanta Falaƙi da Nasi, kowa na ji. Usmanu ya so ya yi bayani, ya ga bakin bindiga, ya haɗiye. Ya karanta, ya ja allurar. Abin da ya sani zai faru ya faru. Hannun ɗan robar ya ɓalle ya faɗi a kan kwalta.

Faruku ya yi wani ƙara a maƙogwaro kamar shi aka yanka.

Usmanu ya ga in bai yi magana yanzu ba, ba zai ƙara yi ba. Ya ce, "Allurar ita ka riƙe mai hannu, ɗana, ba cuta ta ba. Ni ƙanen Mamuda na, na Badarawa, rumfata ta dukanci na bakin tashar Kaura. Ina wurin ran da babanka ya kada shi. Da hannun ga na hagu ya ɗauke shi, ya sa mai ƙafa ta ciki, kuma da ya kai shi ƙasa bai yi rawa ba, shi ya tashe shi ya kakkaɓe mai baya. Mamuda na kwance ba baki. Wasan ga ɗai ka sa shi murmushi."

Labarin kakkaɓe bayan nan Faruku ya sha jin sa a gida, kuma ba kowa ya san shi ba. Amma sanin labari ba ya wanke mutum, maƙiyi ma ai na kusa ne. Ya duƙa ya tsinci hannun, ya miƙa masa.

"Maida mai."

Sau uku allurar na zamewa kafin ta shiga. Faruku ya karɓi ɗan robar a hankali, ya warware zaren wuyan, ya tallafe kan da yatsa don kada ya faɗi, ya sa shi a aljihun ƙirjinsa.

"Kwashe sauran ka tai. In baba ya dawo lahiya, ni da kaina ni ka kawo maka shi. In bai dawo ba, na san rumfarka."

A motar ba wanda ya ƙara zama kusa da shi.

Tun daga ranar Usmanu bai sake sayen ɗan roba ba. Yana nan a bakin tasha yana ɗinki, amma duk babur ɗin da ya rage gudu gaban rumfar sai basilla ta tsaya a hannunsa. Babu sallar da zai idar bai roƙa wa Hassan Dogo kuɓuta ba, kuma shi kansa ba zai iya rantsuwa ko don Hassan yake yi ko don wuyansa ba. Suwaiba, da ta ji labarin, ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Wannan shirun nata ya fi faɗan ciwo.

A ranar dai ya ƙarasa Badarawa, don komawa ta shingen ta fi ƙarfinsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera su kamar kullum, ya sa wa Mamuda nasa a hannunsa mai lafiya. Mamuda ya tsayar da shi a tsakiyar tabarma, ya bi layin da ido daga farko har ƙarshe, ya sake bi, babu Hassan Dogo. Sannan ya ɗago ya dubi ƙaninsa yana jira.

Usmanu ya gyara zama, ya kau da kai.

"Yana bisa hanya, Yaya," ya ce. "Mu jira shi."