Ashe Hajiya Makanika Ce

'Yan uwa, ku ji abin da surukata ta yi!

Bana zafin Madina ya kai intaha, kowa a gajiye. Jiya babur ɗin da mijina Abu Salim ke tausil da shi, wato kai wa mutane saƙo, ya fara ƙwanƙwasa. In bai fita yau ba, wani za a ba aikinsa. Ya ce tirs ne ya cinye, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙar inji ke hawa. Ya sayo sabo, ya kwance babur a tsakar gida bayan la'asar.

Sai 'yan faya-fayan ƙarfen da ke danne tirs ɗin suka zube. Ya rasa wanne ke bin wanne.

Hajiya na gefe tana cire ƙwallon dabino. Ta ce, "Kai, miƙo nan."

Ya ce, "Ya Ummi, wannan ba kwanon tuwo ba ne."

Ta ce, "Kwano ne mana. Ina kallo ka cire su. Biyu baki da baki, biyu gindi da gindi, ƙaramin a sama."

Ya jera, ya ɗaure, ya tayar. Ƙwanƙwasa ta ɗauke ɗif!

Yau da safe na ajiye mataccen injin markaɗena a gabanta. Ta ce in fara kawo shayi.