Jinyar Tunkun Jikata

A gidanmu na Wheaton jikata tana kiwon wata dabba mai kama da tunku. Ni dai ban taɓa ƙaunarta ba. Ran nan sai dabbar ta fara karkata kai, tana zagaye wuri guda.

Muka kai ta asibiti, likitan dabbobi ya ce hoton kai iri biyu ne. Mai sauri ƙashi ya fi nunawa, mai jinkiri kuwa har ƙwaƙwalwa yake gani. Aka zaɓi na biyun, ya ce a dawo da yamma.

Yarinya ta sa kuka, ga makaranta na jiranta.

Na ce, "Tafi abinki, ƙawata. A garinmu ba a barin majinyaci shi kaɗai."

Na zauna da carbina har la'asar. Ashe ciwon can cikin kunne yake, mai jin magani. A mayafina ta dawo gida.